Littattafan zane goma sha shida da damina ta lalata a Marwa

Ranar wata Talata cikin watan Agusta, ana tsakiyar ruwa, kogin Mayo Kaliyawo da ya ratsa garinmu Marwa, a arewacin Kamaru, ya cika ya batse, sai ga ƙaramin ɗan yayata Adda ya shigo shagona da baƙar leda a hannu. Ya ce, "Kawu, wai in ji Dada ka buɗe ka ga aikinka." Na buɗe. Littattafan zane ne guda goma sha shida da na haɗa wa ɗalibanta da hannuna watanni bakwai kafin nan. Babu ko ɗaya da zai kwanta daidai a kan tebur. Bangon wasu ya lanƙwashe kamar ɓawon kabewa, shafukan wasu sun yi tudu da kwari, ƙarafan sitefula kuwa sun yi tsatsa sun bar jan tabo a tsakiyar kowane shafi. Guda uku kyankyasai sun gwaguye musu baya. Warin funfuna ya cika shagon har wani ɗalibi da ke jiran takardunsa ya toshe hanci.

Sana'ata fotokwafi ce da buga takardu. Jami'ar Marwa da aka kafa a 2008 ita ta raya irin shagunanmu, kuma shekara da shekaru ina haɗa wa ɗalibai kundin kammala karatu da zoben roba. Saboda haka a ganina na san haɗa littafi. Wannan leda ce ta nuna mini cewa huda takarda da inji daban, haɗa littafi daban.

Yadda aka fara

Adda yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Hausawa ne mu, amma duk wanda ya tashi a Marwa bakinsa ba ya rabuwa da Fillanci, shi ya sa muke ce mata Adda ba Yaya ba. Tana da kekunan ɗinki uku a zauren gidanta a Domayo, tana koya wa 'yan mata ɗinki da aikin wuyan riga da zanen lalle. Damuwarta ɗaya ce. Yarinya za ta ga wani salon wuya a gidan biki, ta dawo ta zana shi a bayan takardar ƙosai ko a gefen kayen ƙanenta, wato littafin rubutunsa na makaranta, bayan kwana biyu a nema a rasa. Ta so kowace ta sami littafinta na kanta, inda za ta yi zane, ta liƙa ƙyallen yadin da ta yi aiki da shi, ta rubuta awon mai kaya, ta gwada launi.

Kayen 'yan makaranta da ake sayarwa a kasuwa bai dace ba. Yawancinsa mai layin nan ne na Faransa, manyan gidaje masu faɗin milimita 8 da ƙananan layuka a tsakani, zanen lalle yana nutsewa a cikinsu. Littafin zane na kanti kuwa shafukansa kaɗan ne, kuɗinsa da yawa. Sai ta ce, "Kai da kake kwana cikin takarda, ka yi mana mana." Na ce ai wannan aikin yamma ɗaya ne.

A watan Janairu na yi su, hunturu na kaɗawa. Na ɗauki farar takarda A4 mai nauyin giram 80, falle ashirin-ashirin, na ninke su gaba ɗaya a tsakiya, na danna sitefula biyu. Na yanka kwalin sabulu ya zama bango, na dama kunun garin rogo na shafa masa, na lulluɓe da ragowar atamfar Adda, na shanya a rana. Kafin la'asar sun bushe ƙayau. Sun yi kyau a ido, ba zan ɓoye ba, har 'yan matan suna rigima a kan wace za ta ɗauki mai shuɗin bango.

Abin da ya kashe su

Na sitefula ba shi da wuyar ganewa. Ƙarfe ne, laima ta same shi, ya yi tsatsa, tsatsar ta ci takardar da ke kewaye da shi har shafin tsakiya ya fita. Ga kuma falle ashirin da na ninke lokaci guda: na ciki suna turowa waje, littafin ba ya rufuwa, ƙarfen da ƙyar ya kama na tsakiya.

Kunun rogon laifinsa biyu. Na farko abinci ne, ni kuma na lafta shi da kauri kamar mai yaɓen ɗaki, kyankyaso da funfuna suka sami walima. Na biyu shi ne ruwan da ke cikinsa. In ka jiƙa fuska ɗaya ta kwali ka liƙa mata abu, yayin bushewa abin yana tsukewa ya janyo kwalin ɓangarensa. Dole a liƙa wata takarda a ɗaya fuskar don ta ja nata jan, ƙarfin ya zo daidai, sannan a danne da nauyi har kwana guda. Ni ban yi ko ɗaya ba. Hunturu ya rufa mini asiri, damina ta tona.

Amma tudu da kwarin da shafukan suka yi, shi ne ya fi ɗaure mini kai, don babu kunun da ya taɓa su. Amsar daga bakin wani tsohon baduku ta fito, wanda nake kai wa gyaran takalmi, Baba muke ce masa. Na je masa da guda biyu ina neman ya yi musu bangon fata. Ya juya ɗaya a hannunsa, ya buɗe, ya saki, littafin ya rufe kansa da ƙarfi kamar tarko. Ya sake buɗewa, ya sake rufewa. Sai ya ce, "Yaro, fata tana da hanyarta. In ka ja ta bin gadon bayan akuya ba ta miƙewa sosai, in ka ja ta gefen ciki sai ta biyo ka. Wanda bai san wannan ba takalminsa ba ya daɗewa. Ita takardar taku ba ta da hanya ne?"

Na ce ban taɓa ji ba. Ya ce to je ka tambaye ta.

Da dare na yanka ɗan murabba'i daga takardar A4, na shafa masa ruwa a fuska ɗaya. Nan take ya naɗe kamar tabarma, kuma ɓangare ɗaya kawai yake naɗewa, ko sau nawa na gwada. Na ɗauki wata na yaga ta a tsaye, yagar ta tafi sambal. Na yaga a kwance, ta karkace ta yi haƙora. Na lanƙwasa falle ɗaya a hankali ba tare da na karya shi ba: ta wani ɓangaren yana bi da sauƙi, ta ɗayan yana turjewa. Ashe takarda tana da jijiya. A masana'anta ɓargon takarda yana gudu ne a kan doguwar raga, zaruruwan cikinsa sai su jeru su fuskanci inda ragar ta nufa. Idan laima ta shige su, kumbura suke yi ta gefe, ba su cika ƙara tsawo ba. Don haka takarda ta fi faɗaɗa ta ƙetaren jijiyarta. Ƙa'idar masu haɗa littafi ke nan: jijiyar kowane shafi, da ta kwalin bango, da ta takardar da aka liƙa a cikinsa, duk su bi tsayin gadon bayan littafin. In an yi haka, shafi ya kumbura sai ya miƙe waje inda babu abin da ya tare shi. In an saɓa, zai so ya faɗaɗa ta wajen da ɗinki ya riƙe shi, ya rasa hanya, sai ya yi tudu da kwari.

Ga inda A4 ke yaudarar mutum. Awonta milimita 210 ne a 297, kuma duk rim ɗin da na gwada a shagona jijiyarsa tana bin dogon gefen. In ka ninke ta biyu don ka sami littafi A5, layin ninkin yana bin gajeren gefe, wato ka karya jijiyar ke nan. Abin da na yi wa littattafai goma sha shida ke nan, shafi bayan shafi. Mafita biyu ce. Ko dai ka fara raba A4 biyu da reza sannan ka ninke kowane rabi, ka sami ƙaramin littafi A6 mai milimita 105 a 148, wanda jijiyarsa ta zauna daidai. Ko kuma ka sayi A3, ka gwada ka tabbatar jijiyarta na bin dogon gefe, ka raba ta biyu, ka ninke, ka sami A5 lafiyayye. Shekarun da na yi ina loda takarda a inji ban taɓa lanƙwasa ɗaya don in ji abin da take cewa ba. Ido ya raina fata a daren nan.

Na gwada ƙaro a madadin kunu, tun da yana da araha a nan, Cadi ma na cikin manyan ƙasashen da ke fitar da shi waje bayan Sudan. Bai yi ba. In ya bushe yana zama kamar gilashi, ya tsage a inda bango ke buɗewa, in laima ta zo kuma ya koma danƙo. A tawada yake da amfani, can aka bar shi.

Tambayar Malam

Surukin Adda, mahaifin mijinta, tsohon alaramma ne. Yana zaune a kan buzunsa a ƙofar gida ranar da muke ta jayayya ni da ita a kan ko a sake sabon yi ko a haƙura. Ya saurare mu har muka gaji, sannan ya sa jikansa ya ɗauko masa gafaka. Ya zare Alƙur'ani rubutun hannu, gadon mahaifinsa, ya kwance igiyar tadarishin. Babu ɗinki ko ɗaya, babu gam. Falle-falle ne a jere tsakanin bango biyu, fata ta naɗe su. A ƙasan shafi an rubuta kalmar farko ta shafin da ke biye, don ko sun tarwatse a iya mayar da kowanne gurbinsa. Ya ɗaga falle ɗaya ya tari hasken rana da shi, sai ga tambarin jinjirin wata uku a cikin jikin takardar. Irin takardar nan ce da ake yi a arewacin Italiya, fatake su ɗauko ta daga Tarabulus da Masar su ƙetaro hamada da ita. Tsofaffin irinta da tsummoki aka yi su, ba da itace ba, shi ya sa suke jure shekaru.

Ya ce, "Wannan ya ga damina fiye da shekarunku ku biyu a haɗe. Me ya sa sai kun ɗaure taku?"

Adda ta ce, "Allah gafarta Malam, waɗannan yaran in aka ba su falle-falle, ƙannensu za su yi jirgi da su kafin Juma'a." Ya yi dariya ya ce gaskiyarta.

Ba mu bi hanyarsa ba, amma tambayar ta zauna mini. Takardun Malam sun zauna lafiya ne saboda babu abin da ya matse su. Laima ta zo su kumbura, rani ya zo su koma. Ashe abin nema shi ne ɗinkin da zai riƙe shafi kada ya ɓace, amma ya bar shi ya motsa, kuma kada a sa masa ko ɗigon gam a baya.

Littattafan fata uku

Kafin mu kai ga wannan, sai da muka yi wani kuskuren, wannan karon mai tsada. Marwa garin fata ne, kowa ya sani. Majema suna jeme ta da bagaruwa, a rina ja da karan dafi, dukawa su yi jaka da takalmi da matashi. Na ga bai kamata a ce muna nan muna fama da kwalin sabulu ba. Baba ya yi mana bango uku da jar fatar akuya. Ya kankare gefunan da wuƙarsa har suka yi laushi kamar yadi, ya buga musu ado da ƙarfe mai zafi, ya sa musu igiyar ɗauri. A ciki na sa takardar zane mai kauri, wadda 'yan makaranta a nan ke kira kanson da sunan kamfanin Faransa mai yin ta, Canson. Adda ta ba ɗalibai uku da suka fi ƙwazo a matsayin kyauta.

Bayan wata biyu ta ce su kawo ta duba. Ɗaya ta rubuta sunanta a shafin farko, shi ke nan. Ta biyu ko sunan ba ta rubuta ba. Ta uku ta ce mahaifiyarta ta karɓe ta sa a akwatin kayan aurenta. Na tambayi ta farkon dalili, ta sunkuyar da kai ta ce, "Kawu, tsoro nake ji kada in ɓata shi." Kuma a wannan lokacin tana ci gaba da zane a bayan takardar ƙosai.

A nan ne ra'ayina ya juya gaba ɗaya. Littafin zane wurin gwaji ne, wurin da hannu zai karkace a soke a sake. In ya fi ƙarfin mai shi, ya tashi daga kayan aiki ya koma kayan ado. Adda ta ƙara da nata, wanda ya fi nawa: ta ce kuskuren tun daga farko shi ne ni nake yi ina ba su. Yarinyar da ta iya sa hannun riga, me zai hana ta ɗinka takarda?

Yi na uku

Muka fara da mafi sauƙi, ɗinkin rami uku, a kan ninki ɗaya na falle huɗu. A huda tsakiya, a huda sama da ƙasa. Allura ta fita ta ramin tsakiya daga ciki, ta dawo ta na sama, ta tsallake tsakiya ta fita ta na ƙasa, ta sake shigowa ta tsakiya, a ƙulle bakin zaren biyu a kan dogon zaren da ya ratsa. Zare ninki uku na tsayin littafin ya isa. Cikin rabin sa'a kowace ta yi nata, wasu har sun raina abin.

Babban littafin kuwa da ɗinkin Kibɗawa muka yi shi. Sunan daga Kiristocin Masar na farkon zamani ya samo asali, kuma har yau a Habasha ana ɗinka littattafan coci da irinsa tsakanin allunan katako biyu. Gadon bayansa a buɗe yake, babu gam, zare kaɗai ke riƙe da komai, kuma littafin yana buɗewa ya kwanta shimfiɗe, abin da mai zane ke so. Wani abu da ya kwantar mini da hankali game da kwalinmu na sabulu: littattafan da aka tono a Nag Hammadi a Masar a 1945, waɗanda suka kwana tun ƙarni na 4, an ƙarfafa bangonsu na fata ne da tsofaffin wasiƙu da rasiɗai da aka liƙa a kan juna. Su ma da abin da aka yar suka yi aiki.

Kayan aikinmu ba su wuce waɗannan ba: reza da rula, bayan cokali na murza ninki, basillar Baba ta huda, tsohon silifa da ake ɗora ninki a kai kada basilla ta ci tebur, da kakin zuma. Zaren keke bai yi ba, siriri ne, yana yanka takarda kamar wuƙa. Zaren saƙa na auduga muka koma wa, a ja shi a kan kaki sau uku ya daina sarƙewa. Baba ya gasa mana allurai a garwashi ya lanƙwasa bakinsu, don miƙaƙƙiyar allura ba ta shiga tsakanin ninki da ninki.

Takardar ciki gauraya muka yi. Kamfanin siminti yana Figil a kan hanyar Garwa, buhunansa na takarda kuwa ba su da wuyar samu wajen magina. A farke buhun, a yar da fallen ciki da ya taɓa siminti, a kakkaɓe sauran a waje da hanci a rufe, a goge da ɗanyen tsumma, a bi da dutsen guga na gawayi. Sai ka ga takarda ruwan ƙasa mai ƙarfi, wadda teloli dama suka saba yanka samfurin riga da ita. Farin alli da baƙin biro suna fitowa a kanta raɗau, zanen lalle kuwa kamar a kan fatar hannu. Kowane ninki falle huɗu ne: biyu na siminti, ɗaya fara, ɗaya kanson a tsakiya don mai son gwada launin ruwa ko tawada, tun da farar giram 80 tawada tana ratsa ta. Ninki biyar falle ashirin ke nan, shafi 80. Da da farar takarda zalla za a yi, rim ɗaya na A4 mai falle 500 zai fitar da ƙananan littattafai hamsin masu wannan yawan shafi.

Mun kuma koyi wani abu daga littattafan farko. Duk wadda ta liƙa ƙyallaye da yawa, littafinta ya hangame baki kamar kada. Sai muka riƙa saka siraran tsiri na takarda, faɗin yatsa biyu, a ninke a ɗinke tare da kowane ninki. Suna ba gadon bayan kauri tun daga farko, in an liƙa yadi sai littafin ya cika daidai.

Ba zan manta da yammacin da suka fara ɗinkin ba. Na tsaya ina bayani da takarda a hannu: ki fito ta wannan rami, ki zagayo ƙarƙashin ɗinkin da ke tsakanin ninki biyu na ƙasa, ki koma ramin da kika fito, ki wuce na gaba. Na maimaita sau uku suna kallona shiru. Sai wata 'yar shekara goma sha huɗu ta karɓi allurar, ta yi biyu, ta tsaya ta duba bayan littafin, ta ce, "Anti, ai sarƙa ce. Irin ta wuyan riga." Shi ke nan, zauren ya ɗauka. Abin da ya ci mini dare biyu ina kwancewa ina sakewa, su hannunsu ya riga ya san shi. Gyaran da Adda ta riƙa yi musu ɗaya ne: a ja zare bin tsayin littafi, kada a ja shi sama, in ba haka ba ramin ya yage. Na biyu kuma nawa ne: a huda dukkan ninki da ma'auni ɗaya, a sa alama a samansa, don ninki ɗaya in ya juye sarƙar sai ta karkace.

Kunu bai fita gaba ɗaya ba, ana bukatarsa wajen lulluɓe kwali. Amma yanzu tsararo ake damawa, a dafa shi sosai har ya yi haske, a jefa 'yan ƙwayoyin kanumfari, a shafa siriri, a liƙa fuska biyu, a jera bangunan da takarda a tsakaninsu a ɗora bulo biyu su kwana. Wanda ya rage a zubar, ba a kwana da shi.

Mahaifin wata ya zo ya tambaya ko hoton mutane ake koya musu zanawa. Adda ta buɗe masa littattafai biyu ya ga aska takwas da dagi da furen lalle da awon kafaɗa. Ya ce Allah ya yi albarka, ya tafi.

Bayan damina ta biyu

A watan Oktoba na je na duba su ɗaya bayan ɗaya. Babu wanda bangonsa ya lanƙwashe, babu tsatsa tun da babu ƙarfe, shafuka a kwance. Mafi yawansu sun wuce rabi da zane, wasu shafukan an soke su da biro an sake a gefe, wanda shi ne abin da ake nema. Wata ta cika nata, ta yanke zaren da kanta, ta ƙara ninki biyu ta sake ɗinkewa ba tare da ta tambayi kowa ba.

Amma ba duka aka tsira ba. Biyu gara ta cinye, an ajiye su a ƙasa jikin bango, wannan kuwa babu ɗinkin da ke maganinsa. Huɗu kuma zare ya yaga ramin kwalin bango, don nan ne duk nauyin buɗewa da rufewa yake sauka, kwalin sabulu kuma ba katakon Habasha ba ne. Yanzu muna liƙa siririn tsirin fata daga ragowar yankan Baba a gefen bangon kafin a huda, kuma mun matsar da ramukan ciki kaɗan. Ko zai riƙe, sai damina mai zuwa ta faɗa. Sannan ban yaudari kowa ba game da takardar siminti da kwali: za su daɗa duhu su yi rauni da shekaru, ba irin ta Malam ba ce da jika zai gada.

Maganar sayarwa ta taso, kamar yadda takan taso duk inda aka ga abu ya yi kyau. Mun kai 'yan kaɗan wajen masu sayar da kayan hannu a tsakiyar gari. Sun ce baƙin da ke sayen irin wannan sun ja baya tun da aka sace wasu Faransawa 'yan gida ɗaya kusa da Waza a 2013, kuma har yanzu kasuwar ba ta koma yadda take ba. Na ajiye wasu a shagona, ɗaliban jami'a suka sayi kaɗan, yawanci su juya su yaba su tambayi kuɗi su ajiye. In aka lissafa yinin da yarinya ke ɓatawa a kan guda ɗaya, ɗinkin riga ya fi mata riba nesa ba kusa ba. Ni dai ban ga sana'a a ciki ba tukuna, kuma na gaya wa Adda haka. Ta ce ita dama ba kasuwa ta nema ba. Abin da ta yi shi ne ta mayar da shi darasin farko: sabuwar ɗaliba ba ta hawa keke sai ta ɗinka littafinta.

Baƙar ledar nan tana ƙarƙashin teburina har yanzu. Na so in zubar, Adda ta ce ba ta yafe ba sai na zare duk shafin da yarinya ta yi zane a kai, na goge tsatsar da za ta gogu, na mayar wa mai shi ta liƙa a sabon littafinta. Ina yi a hankali in babu layi a shago. Na gama tara, saura bakwai.